Jirgin Mainasara

"Inna Hansatu, wannan mene ne?"

Likita Sani yana tsaye a bayanta, littafin manhajar a hannu ɗaya, yatsan ɗaya hannun a kan gilashin kwamfuta. Hansatu ba ta juyo ba. Sai da ta gama buga layin da ta fara, ta danna maɓallin ajiya, sannan ta dubi inda yake nunawa.

"Adireshi ne."

"Adireshi? 'Jirgin Mainasara.' Na ƙasansa, 'Jirgin Ɗan Gwaggo.' Wannan kuma, 'Motar albasa ta Shanga.' 'Rugar Arɗo Jaɓɓi.' Gurbin nan na lambar gida ne da sunan titi. Ga shi a shafi na sha huɗu."

"Likita, wace lamba ke ga gida a Gungun Maje?"

"Sai ki rubuta Gungun Maje."

"Bana yana Gungun Maje. Baɗi in ruwa ya cika ya koma wajen Wara, ko ya bi kifi har Borgu. Masunci gidansa tashi yake yi. Jirgin da ke kawo shi kasuwa ne ba ya sakewa."

Likita ya rufe littafin. Ya ce ma'aikatar lafiya ta aiko takarda, tana son sanin mutum nawa ya duba daga Yauri, nawa daga Ngaski, nawa daga Shanga. Jiya da yamma ya ce wa injin ya raba masa mutane gari-gari, injin ya ba shi jirage arba'in da ɗaya, da motoci, da rugage.

"Ki goge su. Ki sa gari da ƙaramar hukuma. Kafin Asabar."

"To," in ji Hansatu.

Shekara biyu ke nan da ya dawo daga Romaniya ya buɗe asibitin haƙori a ɗakuna uku kan hanyar kasuwar Yelwa. Kujera ɗaya, tukunyar dafa kayan aiki ɗaya, ƙaramin janareto, da kwamfuta da ya ɗauko daga Legas nannaɗe cikin bargo. Manhajar da ke cikinta an yi ta ne don likitocin haƙori na wata ƙasa. Tana riƙe sunan kowane majinyaci. Tana zana bakinsa, haƙori talatin da biyu, ta sa baƙi a kan wanda aka cire, ta sa tsaga a kan wanda ya karye. In akwai maganin da jikin mutum ba ya karɓa, da an buɗe shafinsa jan layi zai fito a sama, injin ya yi ƙara sau uku. Abu ne mai kyau. Hansatu ba ta taɓa musun haka ba.

Ita kuwa shekara goma sha tara ta yi tana buga tafireta a ofishin gwamnati. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka kwashe ofishinsu zuwa Birnin Kebbi, ta ce ba ta barin Yauri, ta ajiye aikin. Cikin kwana tara ta koyi kwamfutar. A ƙarshen littafin manhajar akwai babin shawarwari kan tafiyar da asibiti. Ta karanta shi sau biyu, ta tsince shi kamar shinkafa. Ka buga wa majinyaci waya ana gobe zai zo: ta zubar. Ka aika masa da katin murnar ranar haihuwa: ta yi dariya, ta zubar. Ka kwafe komai a faifai biyu kowace yamma, ɗaya ya kwana a wani gini daban: wannan ta riƙe, faifai ɗaya a gidanta yake kwana cikin gwangwanin madara. Abin da ka ji game da majinyaci, ka shigar da shi a ranar da ka ji: wannan ma ta riƙe. Ranar dawowa kuwa, in injin ya ce sha bakwai ga wata, takan matsa da kwanan ya faɗa ran kasuwa, ta ce wa mutum, "Ka bar kasuwa biyu su wuce, ta uku ka zo." Kuma suna zuwa.

Yau ma ran kasuwa ce. Benci biyun ɗakin jira sun cika tun kafin tara. Ƙarfe sha ɗaya wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gilashin kwamfuta ya yi baƙi. Ba wanda ya ɗaga kai. Madatsar ruwan da ke haska rabin ƙasa tana can ƙasan babban tafkin da garin ke bakinsa, wutarta kuma takan bi ta kansu ta wuce. Hansatu ta jawo littafin wucin gadi ta ci gaba da biro. Likita ya juya kujerarsa wajen taga. Cirar haƙori ba ta bukatar lantarki.

Malam Auwalu mai albasa, wanda ya zo a ƙara masa cikon haƙorin turmi, yana ta ba mutanen benci labarin yadda wani wanzami ya taɓa cire wa kawunsa haƙorin da ba shi ne ke ciwo ba, ya kuma ce ai maƙwabcin zai ji tsoro ya daina. Ana cikin dariya aka ji ƙarar amalanke a ƙofa.

'Yan dako biyu ne suka shigo da wani mutum, ɗaya ta kafaɗu, ɗaya ta ƙafafu. Suka ce daga bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, suka turo shi, ba su san shi ba, suka aje shi a kujerar likita suka koma kasuwa. Wata mace ta biyo su, doguwa, da mayafi shuɗi da ƙullin kaya a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofar ciki, ba ta shiga ba.

Hansatu ta leƙa. Fuskar mutumin ba ta sauran siffa. Kumburi ya haɗe ƙasan haɓarsa da wuyansa, dama da hagu, ya yi tauri kamar ƙwarya. Bakinsa a buɗe kaɗan, miyau na zuba. In ya ja numfashi sai a ji siririn fito.

"Kwana nawa?" in ji likita.

"Biyar," in ji matar. "Turmi ne na ƙasa. An sa mai kanwa, an yi mai sakiya, abin sai ƙaruwa."

Likita ya danna ƙasan haɓar da yatsu biyu, ya gwada buɗe bakin, ya ƙi buɗuwa. Ya dubi agogo. Ya buɗe kabad ya ɗauko kwalbar penisilin da sirinji.

"Allura yanzu, sai in tsaga in fitar da mugunyar, sai babban asibiti," ya ce wa Hansatu a hankali. "In ya kai la'asar a haka, maƙogwaron zai rufe."

Ya sunkuya kan mutumin. "Malam, kana ji na? Allura ko ƙwaya ta taɓa yi maka illa?"

Mutumin ya girgiza kai, ido a rufe.

"Ka taɓa zuwa nan?"

Ya sake girgiza kai.

"Ya taɓa zuwa," in ji matar daga ƙofa. "Bara da damina nan anka cire mai haƙori."

Likita ya dubi mutumin, ya dubi matar. Zazzaɓi ya kai mutumin inda duk abin da aka tambaye shi kai zai girgiza.

"Ina katinsa?"

"Ya jiƙe cikin jirgi, ya narke."

"To, ya sunansa?"

Matar ta dubi ƙasa. "Maigidana ne."

"Na gane maigidanki ne. Sunansa nake so."

"Baban yara ne."

"Baiwar Allah, mutumin nan numfashinsa na tafiya. Ki faɗi sunan mijinki!"

Mutum goma sha biyu suna kallon bayan matar. Ta gyara tsayuwa, ta matse ƙullinta a ƙirji.

"Likita," in ji Malam Auwalu daga benci, "can Turai munka ji mace kan kira miji da suna kamar mai kiran akuya. Nan ko da bulala ba ka jin shi."

"Suna ne zai warkar da shi?" matar ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ku yi mai allurar."

Likita ya huda kwalbar, ya fara jan ruwan cikin sirinji. Hansatu ta taɓa gwiwar hannun matar.

"Ɗiyata, ke ya sunanki?"

"Zulaihatu."

"Zulai, wane jirgi kunka shigo?"

"Na Mainasara."

"Kullum shi kuke shiga?"

"Tun ana yi mai tuƙi da hannu."

Hansatu ta tsaya. Ta tuna wata ran kasuwa, bara, cikin damina, Mainasara ya jingina da tagarta da ƙullin ƙananan kifin warangi a hannu, ya ce, "Hajiya, mutuminku guda da kunka ba ja-da-baƙi, saura kaɗan ya tahi. Ya kumbura, numfashi ya toshe, sai Allah." Ja-da-baƙi ita ce ƙwayar ampisilin, ƙanwar penisilin. Ta tuna ta bar warangin a kan taga ta shigar da maganar nan take. Ta tuna ta gaya wa likita. Abin da ba ta tuna ba shi ne sunan. Mutum dubu biyu da ɗari uku ne a cikin injin.

Ta shiga ɗakin ciki ta tura ƙofar.

"Likita, dakata. Akwai mutum guda na jirgin Mainasara da ja-da-baƙi ta kusa kashewa bara."

Hannunsa ya tsaya. "Na tuna an yi haka. Wane ne?"

"Ban riƙe sunan ba."

"Mutum nawa ke shiga jirgin Mainasara?"

"Da yawa."

"To wataƙila ba shi ba ne."

"Wataƙila shi ne."

Su biyun suka dubi wuyan mutumin. Maƙogwaron da ya rage masa bai fi kaurin kara ba. In allurar ta ƙara masa kumburi ko kaɗan, ba za a kai shi ko ƙofa ba. In kuwa aka tsaya jira, mugunyar za ta yi aikin da kanta.

"Ba ni da wata allurar a nan," in ji likita. "Sai kemis na tasha. Zan yi masa gwajin fata."

"Gwajin naka minti ashirin ne. Ni biyar nike so."

"Babu wuta."

"Akwai janareto."

Ya dubi agogo. Ya aje sirinjin a faranti, ya yagi takarda ya rubuta sunan wata allura, ya miƙa mata. "Biyar. Zan sa masa ƙarin ruwa kafin nan."

Hansatu ta fito ta danƙa wa Malam Auwalu takardar. "Kabu-kabu. Kemis na tasha. Ka ce na likita ne."

"Hajiya, layina fa? Ni ne na gaba."

"Turminka ya yi wata uku da rami bai kashe ka ba. Tashi."

Ya tashi yana mita, ya sa takalmi. Neman Mainasara a bakin kwata ran kasuwa aikin awa guda ne, don haka ba ta aika kowa can ba. Ta zare wayar tukunyar dafa kaya daga bango, domin janareton ba ya ɗaukar tukunya da kwamfuta tare. Ta fita bayan gini, ta ɗaure zani, ta taka ƙarfen janareton da ƙafa ɗaya ta ja igiyar. Ya yi tari. Ta sake ja. A ja na uku ya kama.

Kwamfutar ba ta gaggawa don kowa. Ta yi gurnani, ta ƙirga lambobinta a kusurwar gilashi, ta tsaya, ta sake gurnani. Minti biyu suka tafi a haka. Daga ɗakin ciki fiton numfashin na fitowa ta ƙasan ƙofa.

Manhajar hanya uku take neman mutum: da suna, da lambar kati, ko da adireshi. Ba ta neman mutum da jan layi. Sai ka buɗe shafinsa yake fitowa. Babu suna, kati ya narke. Hansatu ta sauko gurbi na uku ta buga MAINASARA.

Suna sittin da ɗaya suka jeru, kowane da shekarunsa a gefe. Buɗe shafi ɗaya kan ci kusan rabin minti. Ba ta da rabin awa.

Ta kamo hannun Zulaihatu ta zagayo da ita bayan tebur, ta zaunar da ita a kan kujerarta, ita ta tsaya, jikinta ya raba matar da idanun benci.

"Zulai, ba ni cewa ki faɗi komi. Ko kai ba sai kin ɗaga ba. Ni zan yi karatu, ke ki zauna ki huta."

Ta tsallake mata da yara. Ta fara da murya wadda ba ta wuce teburin ba, ido ɗaya a gilashi, ɗaya a fuskar matar.

"Usman Ɗan Kwaifa."

Zulaihatu na kallonta.

"Yusuf Mai Taru."

"Maƙwabcinmu ne."

"Garba Kurma."

"Wanga ya rasu da azumi."

"Allah ya ji ƙansa. Mubarak na Hawwa. Isa Dogo. Isa Gajere."

"Gajeren ya bar su, yanzu albasa yake."

"Inna Hansatu!" Muryar likita ce daga ciki. "Biyar sun cika."

Hansatu ba ta tsaya ba. Ba ta kuma ƙara sauri ba, domin in ta yi sauri fuskar za ta wuce ta. Ta karanta bakwai, ta karanta takwas. Zulaihatu ta san su duka, da wanda ya sayi injin jirgi, da wanda matarsa ta haifi tagwaye. Gumi ya gangaro wa Hansatu ta bayan kunne.

"Bawa Mai Gura. Hamidu Sarkin Kwata. Zaidu Na Gwamma."

Zulaihatu ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, ta juya tana kallon kalandar da ke bango, kamar an rubuta mata wani abu a jiki.

Hansatu ta karanta suna biyu na gaba, da murya iri ɗaya. Matar ba ta ce komai a kansu ba, idonta na kan kalanda. Sannan Hansatu ta koma sama da layi biyu ta danna maɓalli.

Injin ya yi gurnani. Shafin ya fara fitowa daga sama zuwa ƙasa. Sai ƙara sau uku, mai kaifi, wadda ta ratsa ƙarar janareto ta shiga ɗakin ciki.

Ƙofa ta buɗe. Likita ya fito, sirinjin a hannunsa. Ya karanta jan layin ta kan kafaɗarta. Kalmominta ne, na ranar da warangi ya kwana a taga: Ampisilin. Fuska da maƙogwaro sun kumbura, numfashi ya toshe. Mainasara ya faɗa, 3 ga Satumba, 1995. Kada a ba shi penisilin ko danginsa.

"Ta faɗi sunan?"

"Ba ta faɗi komi ba."

"To yaya kika san shi ne?"

"Shi ne. Amma duba da kanka." Ta nuna zanen bakin. "Ƙasa, hagu, na shida, an cire. Sama, dama, na biyu, ya karye rabi."

Likita ya koma ciki. Hansatu ta bi shi zuwa ƙofa. Ya ɗaga leɓen mutumin na sama da babban yatsa. Haƙori na biyu a dama, rabinsa ne kawai. Ya ja kumatun hagu gefe, ya haska tocila. Akwai giɓi a inda zanen ya sa baƙi.

Ya daɗe yana kallon sirinjin. Sannan ya je wajen kwanon wanke hannu ya matse ruwan ciki duka, ya jefa shi a kwando.

"Mayar da tukunya," ya ce. "Kashe injin."

Ta kashe kwamfutar yadda littafi ya ce a kashe ta, mataki-mataki, ta mayar da wayar tukunya. Malam Auwalu ya dawo da kwali a hannu yana cewa ɗan kabu-kabun ya kusa zubar da shi a kwalbati, kuma in an zo rabon lada a tuna da shi. Likita ya karɓi kwalin. Ya yi allurar. Ya tsaga ƙasan haɓar a wuri biyu. Hansatu ce ta riƙe kwano. Warin da ya fito ya kori rabin benci zuwa gindin dalbejiya, kuma ba wanda ya sake maganar layi.

Aka yi azahar, aka dawo. Cikon Malam Auwalu sai wuta ta dawo, don haka likita ya ci gaba da sauran mutane a kan kujerar katako kusa da taga, kowane minti goma ya tashi ya saurari ƙirjin Zaidu. Wajen ƙarfe uku fiton ya ragu. Kafin la'asar ya ɓace. Zaidu ya buɗe ido, ya dubi silin, ya dubi robar ƙarin ruwa, ya dubi matarsa da ke zaune a ƙasa gefen kujerar.

Hansatu ta durƙusa kusa da ita ta yi mata bayani. Akwai allura da ƙwaya da jikinsa ba ya so. Bara ƙwayar ce ta kumbura shi.

"Bara?" in ji Zulaihatu. "Ai rina ce ta harbe shi a cikin jirgi. Haka ya ce."

"Rinar ja ce da baƙi, tana cikin takarda."

Zulaihatu ta juya ta dubi mijinta. Mutumin da ke fito da giwan ruwa shi kaɗai ba zai shigo gida ya ce ƙwaya biyu sun kayar da shi ba. Ya gaya wa mai jirgi, domin maza a kan ruwa sukan faɗa wa juna abin da ba sa faɗa a tsakar gida.

"Rina," in ji ta.

Zaidu ya rufe ido.

An aika a kira tasi da za ta kai shi babban asibiti. Likita ya rubuta takardar miƙawa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin maganar penisilin. Wuta ta dawo, fanka ta motsa. Ya fito ya tsaya a bayan Hansatu, inda ya tsaya da safe. Tana shigar da aikin yini daga littafin wucin gadi. Ta zo kan shafin Zaidu, injin ya yi ƙararsa sau uku, ta ƙara layi: Tsaga, 14 ga Oktoba, 1996. Matarsa Zulaihatu ta sani yanzu.

"Inna Hansatu."

"Na'am, Likita."

"Sunan gurbin adireshin nan, ana iya canza shi?"

"Ana iyawa. Shafi na sittin da biyu. Tun bara na gano."

"Me ya sa ba ki canza ba?"

"Injin naka ne."

Ya juya littafin manhajar a hannunsa, ya aje shi a kan tebur.

"Canza."

Ta shiga inda ake shiga, ta goge kalmar Turancin, ta buga JIRGI KO MOTA. Ta ɗan yi tunani, ta ƙara KO RUGA.

"Takardar ma'aikata fa?" in ji shi. "Har yanzu suna son ƙaramar hukuma."

"Akwai gurbin lambar faks. Mutum dubu biyu da ɗari uku, ba mai faks ko ɗaya. Can zan zuba su. Amma ba kafin Asabar ba."

"Yaushe?"

"Ka bar kasuwa biyu su wuce."

Tasi ta yi ham a ƙofa. Direban da Malam Auwalu suka kama Zaidu suka fitar da shi, likita na riƙe da robar ruwa sama da kai. Zulaihatu ta ɗauki ƙullinta za ta bi su, Hansatu ta tare ta.

Ta ciro sabon kati. Ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, da lambar, da jirgin. Ta ɗauki jan biro ta rubuta maganar penisilin a ƙasa, da Hausa da Turanci. Ta ninke katin cikin leda, ta sake sa shi cikin wata ledar, ta kunna ashana ta liƙe bakin, yadda ko ya faɗa tafki ba abin da zai same shi.

"Kin iya karatun boko?"

"A'a."

"Ba komi. Wanga ba nashi ba ne, naki ne. In kin ba shi zai ce rina ta cinye. Duk asibitin da kunka je, duk mai kemis, duk mai allurar kasuwa, kafin a taɓa shi ki miƙa wanga. In sun ce ya sunansa, ki nuna da yatsa."

Zulaihatu ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi, ta dubi baƙaƙen ta cikin leda.

"Nan yake?"

"Nan. Layin sama."

Ta daɗe tana kallon layin. Leɓenta bai motsa ba. Sannan ta kwance gefen zaninta, ta sa katin, ta ƙulle sau biyu, ta soke ƙullin a ƙugu, ta fita wajen tasi.

Hansatu ta jawo littafin wucin gadi.

"Malam Auwalu mai albasa," ta kira. "Layinka."